Kafin ka sayi kyamarar ganin zafi

Wani mai haɗa sola a Ƙofar Ƙaura, Katsina, ya tare ni da tambaya: "Malam, kyamarar nan mai nuna zafi, wacce zan saya?" Na ce masa amsar tana ga abin da zai riƙa dubawa.

Kowane abu yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, infirared, wanda William Herschel ya gano a 1800, kuma yana ƙaruwa gwargwadon zafin abin. Shi kyamarar ke kamawa ta mayar launuka, ko da a cikin duhu. Kan batir da ya saki, wayar wuta da lodi ya yi wa yawa, ɓangaren faifan sola da ya lalace, duk sai su fito jajur tun kafin su ƙone.

Mai kama da bindigar nan da aka riƙa ɗora mana a goshi lokacin korona a 2020 ba kyamara ba ce. Wuri ɗaya take aunawa ta ba ka lamba. Tana da araha, amma sai ka riga ka san inda matsalar take.

Masu gyaran waya, ku nemi wadda ake maƙalawa a jikin waya, irin su FLIR One, Topdon TC001 ko InfiRay P2 Pro, a haɗa da ruwan tabarau na duba kusa, don kayan cikin waya ƙanana ne ƙwarai. Ku tabbatar bakinta ya dace da na wayarku. Mai hawa rufin kwano kuwa a zafin bazarar Katsina, ta hannu mai batirinta, kamar Uni-T UTi260B, ta fi masa, domin waya kan ɗauki zafi ta mutu ana tsakiyar aiki.

Ni dai yawan ɗigon hoto na fi dubawa fiye da sunan kamfani. Mai 80x60 ɗigo 4,800 ne kacal. Mai 256x192 ta haura 49,000, kuma daga nesa bambancin a fili yake.

Kada mai shago ya ce maka tana ganin bayan bango. Ko gilashin taga ba ta ratsawa. Ƙarfe mai sheƙi ma yana ruɗa ta, sai ka manna baƙin salatif a wurin ka auna a kansa. Kafin ka biya, ɗora tafin hannunka a tebur ka ɗage, ka duba ko shatin yatsunka biyar ya fito sarai.