Bargon ƙarƙashin gadon lilo: cikakke ko gajere?

Ɗan'uwa, ka ce tsayinka mita 1.75 ne, ka sayi gadon lilo na yadi irin wanda ake ɗaurewa tsakanin bishiya biyu, kuma a daren farko da ka kwana a daji sanyi bai bar ka ka runtsa ba, duk da kana cikin buhun barci mai kauri. Yanzu kana neman bargon nan da ake ratayawa a ƙarƙashin gadon, sai dai ka rasa wanda za ka ɗauka: cikakke mai rufe ka daga wuya har diddige, ko gajeren da ake kira kashi uku cikin huɗu. Ka ƙara da cewa da ƙafa kake tafiya, kaya a bayanka, kuma sanyin dare yakan sauka zuwa digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, wani sa'in ma ya kusa sifili.

In guda ɗaya tak za ka mallaka, ɗauki cikakke. Amma gajeren ba abin rainawa ba ne, kuma akwai inda ya fi.

Abin da ya same ka a daren nan ba laifin buhun barcin ba ne. Gashin tsuntsu ko zaren da ke cikinsa ba ya haifar da zafi, iskar da ya riƙe a tsakaninsa ce ke tsare ɗumin jikinka. Da ka kwanta ka danne na ƙasan ya zama kamar takarda, iska kuma tana ta kai da komo a ƙarƙashin bayanka har gari ya waye. Shi ya sa mutane da yawa ke fara jin bayansu na sanyi a gadon lilo tun yanayi yana wajen digiri 20, lokacin da na kwance a ƙasa ko mayafi bai nema ba. Bargon ƙasa yana rataye ne a wajen gadon, nauyinka ba ya kansa, don haka yana nan a kumbure.

Cikakke yakan kai santimita 180 zuwa 210. Gajere yana tsakanin 130 da 150. Akwai wanda ya fi shi gajarta, mai rufe gangar jiki kawai, wajen santimita 100 zuwa 120, amma wannan ba naka ba ne, mu ajiye shi gefe. Kamfanin Hammock Gear na Amurka, alal misali, yana ɗinka duka biyun: Incubator shi ne cikakken, Phoenix shi ne gajeren. Kada tsawon gadon ya ruɗe ka. Gadon yakan kai mita 3.3, amma bakinsa biyu da aka tattare babu kowa a cikinsu, ba su bukatar bargo. Jikinka za ka auna, daga kafaɗa zuwa diddige, domin shi kai, hula da ɗan matashin kai sun ishe shi.

A tsayinka, daga kafaɗa zuwa diddige bai wuce santimita 145 ba sosai. Za ka ce ashe mai 150 ya gama magana. A kan takarda haka ne. A daji kuwa, kowane bakin bargon ana zuge shi da igiya don ya kama gadon, wannan zugewar tana cinye tafin hannu guda ko fiye a kowane gefe. Sannan ba a miƙe sambal ake kwanciya a gadon lilo ba, a karkace ake yi, kai a wannan gefe ƙafafu a wancan, don baya ya shimfiɗu. Diddigenka yana turawa ne can gefen yadin, inda gajeren bargo bai kai ba. Saboda haka lissafa cewa gajere zai tsaya maka ne a wajen ƙwauri, ƙasa da gwiwa kaɗan. Sauran kuma kai za ka san yadda za ka yi da shi.

A nan bambancin yake. Mai gajeren bargo dole ya riƙe guntun tabarmar soso, irin mai tauri da ba ta shan ruwa, ya sa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Dabarar tana aiki, ba ƙarya. Ni ma na yi shekaru a kanta, har wani dare da na bar soson haka kawai a kan yadin gadon. Yadin nailan ne mai santsi. Wajen ƙarfe uku na farka na ji diddigena kamar an tsoma su cikin randa, na lalubo da ƙafa ban ji soson ba, ashe ya sulale ya koma ƙarƙashin cinyata ya tsaya a gicciye. Na tashi zaune don in gyara, bargon sama da nake lulluɓe da shi ya buɗe, ɗumin da na tara tun magariba ya fice. Sau uku na yi haka kafin asuba. Daga baya na koyi cusa soson cikin aljihun ƙafa na bargon sama, inda ba shi da hanyar gudu, matsalar ta ragu sosai. Amma ko a haka, soso ba ya numfashi. Da safe sai ka tarar safarka ta yi danshi daidai inda ta taɓa shi, kuma danshi a ƙafa cikin sanyi ba abokin tafiya ba ne. Mai cikakken bargo bai san wannan hidimar ba. Ya rataya, ya shiga, ya miƙe ƙafa inda ya ga dama.

Ta fuskar nauyi kuwa gajeren ne a gaba, sai dai tazarar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Idan duka biyun na lallausan gashin agwagwa ko dinya ne kuma kaurinsu ɗaya, bambancin yakan tsaya wajen giram 150 zuwa 200. Cire nauyin soson ƙafa, kamar giram 50, ka ga abin da ya rage. Wanda dama yana ɗaukar soson zama a jakarsa ya ci riba, don abu ɗaya ya yi masa aiki biyu. Mai tafiyar makonni yana hawa da sauka, yana ƙirga kowane giram, shi ma yana da hujja. Ga wanda zai yi kwana biyu ko uku, wannan nauyin bai kai rabin ƙaramar gorar ruwa ba, kuma ni dai ba zan sayar da barcina a kansa ba. Lissafin yana canzawa in bargon na zaren roba ne, irin su Climashield Apex. Shi ba ya matsuwa kamar gashi, don haka cikakkensa yana cin wuri a jaka ƙwarai, kowane santimita da ka rage kana ganinsa. Amfaninsa shi ne ko ya ɗan jiƙe bai mutu gaba ɗaya ba, saɓanin gashi da ke dunƙulewa.

Akwai kuma wani wuri da gajeren ya yi zarra wanda ba a cika faɗa ba: ya fi sauƙin mannewa. Bakinsa biyu suna faɗawa ne a inda jikinka ya cika gadon, kafaɗa da ƙafa, sai su kama tsaf. Cikakke kuwa yana kaiwa har inda yadin ya fara tsukewa yana yin tudu da kwari, kuma in ba ka ja igiyoyinsa daidai ba sai ya bar rami a ƙarƙashin gwiwa ko bayan ƙafa. Ramin da yatsa biyu za su shiga ya isa ya lalata bargo mafi tsada, domin iska mai sanyi za ta riƙa shiga tana kore mai ɗumi. Amma gajeren yana da nasa sharaɗin: dole ya zauna daidai wurinsa. In ya zame ƙasa da tafin hannu ɗaya, kafaɗarka na waje. In ka jawo shi sama, gwiwa ta fita. Mai yawan juyi cikin barci zai sha miƙa hannu waje yana jawo shi. Cikakke yana da rarar da za ta yafe maka wannan.

Yadda kake kwanciya ma yana da ta cewa. Wanda ke kwana a gefe ya naɗe ƙafafu, sau da yawa yakan shige cikin gajeren bargo gaba ɗaya, ko soso bai nema ba. Wanda ke rigingine ya miƙe, ko wanda ƙafarsa ke sanyi ko a ɗaki, kada ma ya fara. Kai ka fi kowa sanin wanne ne kai.

Yanzu maganar da ta fi tsawo muhimmanci, wato kauri. Masu ɗinka waɗannan barguna galibi suna rubuta 40, 20 ko 0 a ma'aunin Faranhait, wato kusan digiri 4, digiri 7 ƙasa da sifili, da digiri 18 ƙasa da sifili a Salshiyas. Buhun barci yana da gwajin ƙasa da ƙasa, ISO 23537, da ake yi da mutum-mutumi mai ɗumi. Bargon ƙarƙashin gado ba ya cikin wannan gwajin, lambar da ka gani ƙiyasin kamfanin ne. Shi ya sa ake barin rarar digiri 5 ko fiye. A sanyin da ka ambata, mai lamba 20 ne naka, mai 40 zai ba ka kunya ranar da aka kusa sifili. To in aljihu ko jaka suka matsa maka, ya zama zaɓi tsakanin cikakke siriri mai 40 da gajere mai kauri mai 20, nan zan sauya baki in ce ɗauki gajeren. Ƙafa ana iya yi mata dabara da soso, da busasshiyar safa, da rigar sanyi a naɗe. Baya da ƙugu kuwa, in bargon da ke ƙarƙashinsu ya gaza, babu abin da za ka cusa a tsakar dare ya cece ka. A rage tsawo kafin a rage kauri.

In ka tsaya a kan cikakken, mai santimita 190 zuwa 200 ya wadatar da kai. Kada ka ce bari ka ɗauki mafi tsawo don ka huta, rarar za ta tafi ne inda babu jiki, ta ƙara nauyi, ta kuma fi wuyar mannewa. Duba faɗin ma, kada ya gaza santimita 110 sosai, don a kwanciyar karkace faɗin ne ke rufe kafaɗa ɗaya da ƙafa ɗaya.

Ranar da ya iso, kada daji ya zama wurin gwajinsa na farko. Ɗaura gadon da rana, ka rataya bargon, ka ga ya ɗan ɗaga gadon sama tun ba kowa a ciki, alamar igiyoyin robar da ke riƙe da shi sun ja yadda ya kamata ke nan. Sai ka sa wani mai kusan tsayinka ya kwanta, kai kuma ka zura hannu tsakanin gadon da bargon, daga kafaɗa har diddige. Inda ka ji sarari, ƙara jan igiya. Inda ka ji gashin ya matse ya kwanta, sassauta. Bakin nan biyu kuma kada ka zuge su tamau kamar bakin buhu, yin haka yana tattare bargon ya buɗe wasu ramukan a gefe. Ja kaɗan-kaɗan har sai bakin ya kwanta a jikin yadin, ka ɗaure a nan.