Jaridar takarda ko waya: ina ya kamata kuɗin karatunka ya tafi?

Matashin da ke son sanin halin da ƙasa ke ciki yana da hanya uku a gabansa: ya sayi jaridar takarda, ya biya kuɗin jarida ta intanet, ko ya sa data ya riƙa karanta labaran da ake sakawa kyauta. Kowacce tana cin kuɗi, sai dai ta inda take ci ne ya bambanta.

Idan ka sayi Aminiya, wadda kamfanin Media Trust ke bugawa mako-mako, abin da ka biya wa kuɗi shi ne aikin edita. Labarin ya bi ta hannun mutanen da suka tace shi, kuma akwai ofishin da za a tuhuma idan ƙarya ce. Ba ta neman caji, ba ta neman sabis, kwafi ɗaya kuma yana zagaye majalisa guda. Amma takardar buga jarida daga waje ake shigo da ita, don haka tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashi ya yi sama. Sayen jaridar Turanci kullum, irin Daily Trust, sai mai albashi. Wanda ke nesa da Kano, Kaduna ko Abuja kuwa sau da yawa a makare take isa gare shi, in ma ta isa.

Jaridar da ake biya a karanta shafukanta a waya ta fi dacewa da ɗan jami'a mai bincike ko mai bin tallan guraben aiki. A ƙaramin allo tana gajiyar da ido, kuma sai kana da katin banki.

Hanya ta uku ita yawancin matasa suka bi, kuma nan ne ake asarar kuɗi ba a sani ba. BBC Hausa, DW, RFI, TRT Afrika, Premium Times Hausa da ita kanta Aminiya duk suna saka labarai kyauta. Rubutu ba ya cin data sosai. Bidiyo ne ke cinye ta, musamman wanda ke kunna kansa da zarar ka buɗe Facebook ko TikTok. Tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, wannan ya zama abin lissafi. Ka kashe kunnawar bidiyo, ka riƙa shiga shafin jaridar kai tsaye ta manhajar shiga intanet ta Opera Mini ko makamanciyarta. Datar wata ta fi ta yini arha idan ka raba kuɗin a kan kwanakin wata, ko da yake ta yinin ce ke da sauƙin biya. Tsakanin MTN, Airtel da Glo kuma, kada arha ta ja ka. Ka tambayi maƙwabta wanne ke kamawa a unguwarku.

Wayar ma sai an zaɓa. Mai karatu ba kyamara yake nema ba, allo mai faɗi yake nema da batir mai riƙe caji, saboda halin wutarmu. Tecno, itel da Infinix suna da masu batir 5,000mAh a farashi mai dama. Idan ta hannu za ka saya a kasuwar Farm Centre ta Kano ko wata kasuwar waya, ka buɗe dogon rubutu a kanta a cikin rana ka gani ko yana karantuwa, ka kuma lura da saurin saukar cajinta kafin ka biya.

Abin da ya fi damuna shi ne matasan da ke ɗaukar saƙon da aka turo a WhatsApp a matsayin jarida. Babu sunan marubuci, babu kwanan wata, wani lokaci hoton rikicin wata ƙasa ne aka ce na jiharku ne. Irin wannan ya sha tayar da hankalin gari. Labarin da ba ka gan shi a shafin wani gidan jarida sananne ba, ka dakata da tura shi.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, shawarata ita ce datar wata ɗaya da gidajen labarai biyu ko uku da zai riƙa kwatantawa. Idan da rarar kuɗi, ya haɗa da Aminiya ta takarda sau ɗaya a mako, domin dogon sharhi da hira sun fi shiga kai idan babu saƙon da ke faɗowa a allo yana katse karatu.