Inbatar da na ɗaura wa injin niƙana a Tudun Wada

Wata takwas ke nan da na sayo inbata mai sarrafa gudun moto a wani shago a Sabon Gari, kuma har yau ban koma wajen mai naɗin kwayil ba. A da, duk shekara sai moton ya ƙone.

Moton nawa mai layi uku ne, kilowat 7.5, juyi 1440 a minti. In an kunna shi kai tsaye yakan zuƙi wuta kusan ninki shida na ƙa'idarsa, janareta ya yi nishi, bel ya yi ƙara kamar ana yanka akuya. Wannan ya wuce tun ranar da na ɗaura inbatar, yanzu a hankali yake tashi.

Amma makon farko na yi da-na-sani. In na rage gudu da masara a ciki, sai injin ya cije. Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniyan lantarki a ABU, Samaru, ya duba ya yi dariya: "Kawu, ai ba a saita inbatar ba, an bar ta yadda ta zo." Ya cire bel, ya kwafe lambobin da ke kan farantin moton ya shigar, ya mayar da ita wani tsarin aiki da ake kira bekta. Moton ya yi ɗan kuka na minti biyu, inbatar tana auna kwayil ɗinsa. Wai daga nan, ta wutar da moton ke ja take lissafa gudunsa, ta raba wutar kashi biyu: ta maganaɗisu daban, ta ƙarfin juyi daban. Ba sai an ɗaura na'urar ƙirga juyi a jikin shaf, wato sandar juyin moton, ba, wadda ƙurar gari za ta kashe ko ba daɗe. Yanzu ko na sauke gudu ƙasa sosai, surfaffiyar masara ba ta tsayar da shi.

Aibin inbatar? Fankarta na shaƙar gari. A zafin Afrilu sau uku tana yankewa da tsakar rana, mata na layi da kwanukansu suna harara ta, sai da na mayar da ita ɗakin baya. Littafinta kuma Turanci ne zalla, ƙananan rubutu.

Abin da ya fi ba ni haushi, mai shagon bai gaya mini cewa a tsarin bekta, moto ɗaya kawai take ɗauka ba. Injin markaɗen da na so in haɗa mata yana nan yana jiran tasa.