Ƙaramin kamfanin ba da shawara ko babba? Abin da za ka auna kafin ka sa hannu a Akra

Ɗan yayata ya gama karatu a jami'ar UPSA da ke Madina, ya yi shekararsa ta hidimar ƙasa yana karɓar sidi 715 da 'yan kai a wata. Ranar wata Talata bayan isha'i sai ga shi a gidana a Maamobi da takardu biyu. Ɗaya ta ɗaukar aiki ce daga wani ƙaramin kamfanin ba da shawara kan harkar gudanarwa a Osu, wanda ma'aikatansa ba su kai goma sha biyu ba. Ɗayar gayyata ce zuwa zagayen ƙarshe na intabiyu a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin akanta. Ya ce, "Kawu, wanne?" Na yi shekara shida a irin wannan ƙaramin kamfani, don haka amsar ta kai mu har ƙarfe sha ɗaya, shayi ya huce sau biyu.

Aikin kansa ba kowa ne ya gane shi ba a zango. Har yau idan aka tambayi Hajiyarmu sana'ata, cewa take, "Rubutu yake yi wa masu kuɗi." Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Banki ko asibiti ko ma'aikata za su kira ku don wani abu ya cije musu: ma'aikata sun yi yawa aiki ba ya tafiya, ko ana ciniki riba ba ta fitowa. Ku shiga, ku yi tambayoyi, ku tona lissafi, ku rubuta rahoto, a biya ku.

Babban kamfani ba ya buƙatar dogon bayani. KPMG na Abelenkpe, Deloitte na Dzorwulu, PwC na Cantonments, sai EY, su ne manyan kamfanonin akanta huɗu. Albashi yana shigowa ranar da aka ce, akwai horo mai tsari, kuma wanda ke bin jarrabawar zama ƙwararren akanta ta ICAG ko ACCA zai samu yanayin da ya dace da shi. Sunan kamfanin a takardarka yana buɗe ƙofa ko bayan shekara goma. Sai dai yawancin sabbin shiga ta ɓangaren binciken asusu ko haraji suke farawa, ba ta ɓangaren shawara ba. Daga Janairu zuwa Afrilu kuma, lokacin da kamfanonin da suka rufe littafinsu a ƙarshen Disamba ke gaggawar miƙa lissafi ga hukumar haraji ta GRA, iyalinka sai dai su ga ƙeyarka. Za ka iya yin shekara biyu kana cike gefe ɗaya na Excel ba ka taɓa zama teburi ɗaya da mai dukiyar ba.

A ƙaramin kamfani abin ya sha bamban. Watana na uku da fara aiki, maigida ya kwanta zazzaɓi, ya turo ni ni kaɗai gaban shugabannin wani bankin karkara in gabatar da rahoto. Gumi ya jiƙa mini riga, amma na fito da abin da aji ba ya koyarwa. A wurin kai ne mai rubuta takardar neman kwangila, kai ne mai tsara kasafinta, kai ne mai hawa mota zuwa Tamale ko Wa tattara bayanai, kai ne kuma mai bin bashin kuɗin aikin bayan an gama. Wata rana ma kai ne mai gyaran firinta. Wanda ya yi shekara uku a haka ya san sana'ar daga kai har wutsiya. Amma ilimin duka daga mutum ɗaya yake gangarowa. In maigidan mai koyarwa ne, wanda zai zauna da jan biro ya nuna maka inda rahotonka ya karkace, ka tsinci dami a kala. In kuwa mai riƙe komai ne a ƙirjinsa, sai ka zama ɗan aike mai digiri.

Abin da na fi nanata wa yaron nan shi ne kuɗi, kuma ba adadin da ke kan takarda nake nufi ba. Ƙaramin kamfani ba shi da rumbu. Abin da kwangila ta kawo, shi ake ci. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci a intabiyu ita ce: su wa ke biyan ku? Mai dogaro da aikin gwamnati yana da manyan kwangiloli a takarda, biyan ne ke zuwa da tafiyar hawainiya. A 2022 mun gama wa wata ma'aikata aiki, muka yi wata uku ba cikakken albashi muna jiran a saki kuɗin, a shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba. Ko da kuɗin suka zo, ba su sayi abin da za su saya a da ba. Maigidanmu ba macuci ba ne, shi ma motarsa ya sayar a lokacin. Amma mai gidan haya ba ya karɓar wannan labari, balle a garin da doka ta ce kuɗin haya na gaba kada ya wuce na wata shida, ana karɓar na shekara ɗaya ko biyu.

Mai dogaro da ƙungiyoyin agaji irin su GIZ ta Jamus ko ayyukan Bankin Duniya ya fi samun biya a kan lokaci, akwai kuma alawus ɗin tafiya da ke taimakon aljihu. Nan ma kada ka saki jiki in mai ba da kuɗin ɗaya ne tal. Lokacin da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a farkon 2025, aka wargaza hukumarta ta agaji USAID, ayyuka da dama sun tsaya cak, kuma ƙananan kamfanonin da ke ƙarƙashin manyan 'yan kwangila ne suka fara jin zafin. Ni dai in zan zaɓa, na fi son kamfanin da ke da 'yan kasuwa biyar ko shida masu dawowa kowace shekara, makarantu masu zaman kansu, masana'antun Tema, ƙananan bankuna, a kan mai babbar kwangila guda da yake ta tinƙaho da ita.

Daga nan sai takardar kanta. Na karanta tasa, na ga an kira shi abokin aiki mai zaman kansa, ba ma'aikaci ba. Bambancin babba ne. Mai zaman kansa ana cire masa harajin kashi 7.5 daga abin da za a ba shi, shi ke nan, ba fansho, ba hutu. Ma'aikaci kuwa dokar fansho ta 2008 ta ce a cire kashi 5.5 daga ainihin albashinsa, kamfani ya ƙara kashi 13, ya zama 18.5. Kashi 13.5 ya tafi SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, kashi 5 ya tafi asusun mataki na biyu, wanda kamfanonin fansho masu zaman kansu ke riƙewa. A ce ainihin albashin sidi 3,000 ne: naka 165, na kamfani 390. Wannan 390 ɗin ne wasu ke gudu. Wata dabarar kuma ita ce a rage ainihin albashi a kumbura alawus, tunda da ainihin ake lissafin fansho. Ɗan shekara ashirin da huɗu ba ya tunanin shekara sittin, na sani, amma sai ka zuba na wata 180 kafin ka cancanci fansho na wata-wata, kuma watan da ba a zuba maka ba ya tafi. Lambar katin Gana ita ce lambarka ta SSNIT yanzu, kana iya duba bayanin asusunka da kanka. Duba shi bayan wata uku da fara aiki, kada ka tsaya ga abin da ke kan takardar albashi.

Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ka hutun kwana 15 na aiki a shekara, ta ba mai haihuwa mako 12, ta ce aikin da zai kai wata shida ko fiye sai an rubuta yarjejeniyarsa. Ta kuma ce awa 40 a mako, wanda duk mai wannan sana'a, babba ko ƙarami, zai yi murmushi in ya ji. Sunan kamfanin kuma a duba shi a ofishin rajistar kamfanoni. Abin da ya fi duk wannan amfani shi ne ka nemo wanda ya bar wurin ka saya masa waakye, ka yi shiru ka saurara. Kamfanin mutum goma da ya sauya mutum shida a shekara biyu ya riga ya ba ka labarinsa.

Akwai abin da ɗan zango zai tambaya wanda wasu ba za su tambaya ba: Juma'a. Babban kamfani yana da ƙa'ida a rubuce, kuma da wuya ka rasa 'yan'uwa Musulmi da za ku tafi tare. A ƙarami, fuskar maigida ce ƙa'ida. Nawa Kirista ne, ɗan cocin Presbi, amma bai taɓa sa taro ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a ba, da azumi ma yakan sallame ni ƙarfe huɗu in tsere wa cunkoso. Na san wata ƙanwarmu daga Aboabo a Kumasi da aka riƙa yi mata shaguɓe kan hijabinta duk ranar da za a je gaban baƙi, har ta ajiye aikin. Tambayi wannan tun a intabiyu, cikin ladabi, ka kalli fuskar mai amsawa. Lissafa nisa ma: daga Nima zuwa Osu tafiya ce kaɗan, amma wanda ke Madina ko Ashaiman zai bar wa trotro kuɗinsa da barcinsa.

Na ce masa, in ɗawainiyar gida na kanka, kuɗin makarantar ƙanne da maganin tsohuwa, bi babban kamfani, ko da za ka fara daga binciken asusu. In kana da sararin jure wata biyu ba albashi, kuma burinka wata rana ka kafa naka, ƙaramin zai fi gaggauta maka. Shi nasa nauyin bai yi yawa ba tukuna, mahaifinsa na nan da shagonsa. Washegari ya koma Osu da buƙata biyu: a mayar da takardar ta ma'aikaci da SSNIT a ciki, a kuma faɗa masa abokan cinikinsu na bara. Matar da ke da kamfanin ta lissafa masa bakwai, ta ce takardar kuma ya ba ta mako guda. Na ce ya je intabiyun babban kamfanin ranar Alhamis duk da haka, ya goge farar rigarsa.