Maganin Bt na tsutsar gona: kurstaki ko aizawai, wanne za ka saya?

Duk wanda ya fita neman maganin tsutsa mai suna Bt zai tarar da kwalabe da ledoji kala-kala, kowanne an rubuta masa Bacillus thuringiensis, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Abin da ya raba su shi ne sunan da ke biye: kurstaki, aizawai, israelensis ko tenebrionis. Biyun ƙarshe mu sallame su tun yanzu. Israelensis na tsutsar sauro ne a cikin ruwa, tenebrionis kuma na wasu ƙwari masu tauri ne irin ƙwaron dankalin Turawa. Ko ka zazzage buhu guda a kan kabeji, tsutsa ba za ta ji komai ba.

Kafin ka zaɓa, ya kamata ka san yadda maganin ke kisa. Bt ƙwayar bakteriya ce da ke haɗa wani furotin mai suna Cry, a dunƙule kamar ƙanƙara. Ba ya kashe tsutsa don ya taɓa jikinta, sai ta ci ganyen da aka fesa. Ruwan hanjinta mai kaifi ne irin na kanwa, shi ke narkar da dunƙulen, sinadaran narkar da abinci su yanke furotin ɗin ya tashi aiki. Daga nan sai ya laƙe a wasu wurare na musamman a jikin ƙwayoyin halittar bangon hanji, ya huda su. Ruwa ya kwarara ciki, su kumbura, su fashe. Cikin 'yan sa'o'i tsutsa ta daina ci, bayan kwana biyu zuwa uku ta mutu. Cikin mutum da na dabbobin gida mai tsami ne, kuma babu waɗannan wuraren laƙewa, shi ya sa maganin bai dame mu ba.

Kurstaki shi ne ya fi yawa a kasuwa, irin wanda ake sayarwa da sunan Dipel, kuma yana aiki a kan tsutsotsi da dama. Matsalarsa ita ce manyan furotin ɗinsa, Cry1Aa da Cry1Ab da Cry1Ac, kusan wuri ɗaya suke kamawa a hanji. Idan tsutsa ta sauya wannan wuri ta hanyar gado, ta tsere wa dukansu a lokaci guda. Haka aka gani a Hawai ta ƙasar Amurka, inda a 1990 masu bincike suka bayyana cewa ƙaramar tsutsar kabeji ta daina jin feshin kurstaki a gonakin da ake yawan fesa shi.

Ni dai aizawai nake so, ba na ɓoyewa. Yana ɗauke da Cry1C da Cry1D, kuma Cry1C wurin kamawarsa daban ne da na 'yan gidan Cry1A, don haka tsutsar da ta bijire wa kurstaki sau da yawa tana faɗuwa a hannunsa. Ya kuma fi ƙarfi a kan dangin tsutsar nan mai cin zuciyar masara, waɗanda kurstaki ke fama da su. XenTari shi ne sunan kasuwa na aizawai da aka fi sani. Amma shi ma idan ka dage da shi kaɗai kaka bayan kaka, tsutsa za ta saba, domin an riga an ga masu jure wa Cry1C. Ka riƙa musanyawa da maganin da hanyar kisansa daban ce. Ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna shi ne Spinosad, yana da sauri, sai dai yana cutar da ƙudan zuma kafin ya bushe.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne jabu. An taɓa sayar min da gari a leda mai kyakkyawan hoto, na fesa, tsutsa ta ci gaba da ci kamar ba a yi ba. Tunda Bt na gaskiya ba ya kisa nan take, mai ha'inci ya samu mafaka: kafin ka gane, kwana uku sun wuce, gona ta tafi. Ka duba takardar jikin maganin. Dole a rubuta nau'in bakteriyar da lambarta, kamar ABTS-351 na Dipel ko ABTS-1857 na XenTari, da ƙarfin maganin, da ranar yi da ta ƙarewa, da lambar rajista. Wanda aka rubuta masa Bt kawai, ajiye shi. Kada ka karɓi wanda aka ɗiba daga babbar leda aka ƙulla maka a ƙarama.

Akwai ha'incin da ya fi wannan muni: a cakuɗa guba ta sinadari a kira ta Bt don mai saye ya ga aiki da wuri. Idan ka fesa tsutsa ta zube cikin mintuna, ba Bt zalla ka saya ba. Ko na gaskiyar ma, idan ya daɗe a rana a kan tebur, zafi ya kashe shi, musamman na ruwa. Wanda ya zo a matsayin gari ya fi jure ajiya. Ka fesa da yamma domin hasken rana yana lalata furotin ɗin cikin 'yan kwanaki, ka jiƙa ƙarƙashin ganye, kuma ka kama tsutsar tun tana ƙarama, kafin ta shige cikin zuciyar shuka inda feshi ba ya kaiwa.