Manhajar karanta littattafai a waya: wadda na zaɓa wa ƙanwata, da abin da na hana ta saya

Ƙanwata da ke karatu a jami'ar Aliero ta zo hutu Birnin Kebbi da sabuwar Tecno, ta miƙo mani ta ce, "Yaya, sa mani abin da kake karatu da shi, wannan da nake da shi ya ishe ni da talla." Da na leƙa cikin wayar sai na tarar da takardun lacca a foldar WhatsApp, littattafan hikaya da ta saya a hannun marubuta suna wani wuri, waɗanda ƙawaye suka tura mata ta Xender suna wani wurin daban. Akwai littafi guda da na gani sau uku, kowane da sunansa. Kafin na zaɓa mata manhaja sai da muka zauna na nuna mata irin fayilolin da take tarawa, domin su ne za su faɗa maka manhajar da ta dace da kai.

PDF riga ce ɗinkakkiya. Yadda aka tsara shafin haka zai zo maka, ko allon wayarka ya ɗauke shi ko bai ɗauka ba, shi ya sa kake ta buɗa yatsu kana jan shafi hagu da dama. EPUB kuwa yadi ne, kai za ka yanka daidai jikinka: ka ƙara girman rubutu, layuka su sake jeruwa da kansu. Ga littafin labari babu kamarsa, kuma ba ya cin wuri. MOBI da AZW3 na gidan Amazon ne, kuma ita kanta Amazon tun 2022 ta fara karɓar EPUB daga masu tura littafi zuwa Kindle, manhajarta ta karatu, daga baya ta daina karɓar MOBI. Wanda ya fi ba mu wahala a nan shi ne PDF ɗin da aka ɗauki hoton shafukansa. Da yawa daga littattafan Larabci da ɗalibai ke yawo da su, har da na Malam Abdullahi na Gwandu, a haka suke zuwa. Hotuna ne zalla, ba ka iya neman kalma a ciki, ga nauyi, kuma ƙaramar waya mai 2GB na RAM tana iya sandarewa a kansu.

ReadEra na sa mata, kuma ita nake sa wa duk wanda ya tambaye ni. Kyauta ce, babu talla, ba ta neman ka yi rajista, ba ta buƙatar data kafin ta buɗe littafi. Kana sauke ta za ta zagaye wayar ta tattaro PDF da EPUB da MOBI da DJVU da fayilolin Word wuri guda, har wanda ke ƙunshe cikin zip tana karantawa ba sai ka kwance shi ba. Littafin nan da ke wayar ƙanwata sau uku, ReadEra ce ta gane cewa abu ɗaya ne. Ga masu fama da littattafan hoto tana da abubuwa biyu da nake ji da su. Tana datse farin gefen shafi, sai rubutun ya cika allo. Idan kuma mai ɗaukar hoton ya haɗa shafi biyu a hoto guda, kamar yadda aka saba, tana raba su ka karanta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa bin sharhi mai ƙananan haruffa a gefen shafi da dare, babu wuta, ya san darajar wannan.

Amma babban dalilina shi ne ba ta kwashe littattafanka ta kulle a wani ɗaki nata. Suna nan a foldar da ka ajiye su, kana iya kwafe su zuwa kwamfuta ko wata waya duk lokacin da ka so, kuma ko ka matsar da fayil tana tuna shafin da ka tsaya. Tana da ta kuɗi wadda ke adana alamominka a Google Drive, amma ɗalibi zai gama digiri bai buƙace ta ba.

Moon+ Reader tana da kyau ga EPUB, sai dai ta kyautar da talla take zuwa. Librera saituna sun yi mata yawa. Google Play Books sai ka fara loda littafinka a intanet da datarka kafin ta karanta maka. Kindle ta mai sayen littafi a Amazon ce, kuma abin da ka saya a can galibi a kulle yake. A 2019 Microsoft ta rufe shagon littattafanta, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka mayar musu da kuɗinsu. Ni littafin nake so a hannuna.

Ko wacce ka ɗauka, buɗe EPUB na Hausa ka duba ƙ da ɗ da ɓ. Idan suka fito ɗan akwati ko suka bambanta da sauran haruffa, sauya salon rubutu a saituna, yawanci nan matsalar take.

Daga nan ƙanwata ta ce za ta shiga kasuwa ta sayi memori mai 128GB, wai ta ga mai araha. A nan na tsayar da ita, domin abin ya taɓa cina. Shekarun baya na sayi kati mai 64GB a kan tebur a tasha, da sunan babban kamfani a jikinsa, a rabin kuɗin da ake sayarwa a shago. Na tambayi yaron, ya ce, "Wallahi Malam orijinal ne, sa a waya ka gani." Na sa, waya ta nuna 64. Na kwashe littattafan da na shekara biyar ina tarawa na zuba ciki, na goge na kan wayar don in sami wuri. Bayan 'yan makonni na je buɗe wani littafin nahawu da malamina ya ba ni hotonsa, ya ƙi. Na gwada na kusa da shi, ya ƙi. Sunayen duk suna nan a jere, girman kowane yana nan, amma ciki wayam. Daren nan ban yi barcin kirki ba, domin wasu daga ciki ban san inda zan sake samunsu ba, kuma har yau ban samu ba.

Yadda masu jabun kati suke yi, ƙaramin kati ne, misali mai 8GB, sai a sauya bayanin da yake ba waya ya riƙa cewa shi babba ne. Muddin ba ka wuce ainihin cikinsa ba lafiya lau yake aiki, shi ya sa gwajin da ake yi a gaban mai sayarwa ba ya kama shi. Kana wucewa, sabon abu ya hau kan tsoho ko ya ɓace. Gwajin gaskiya shi ne a cika katin taf sannan a karanta abin da aka zuba. Akwai ƙaramar manhajar kwamfuta mai suna H2testw da ke yin wannan, kyauta. Tana ɗaukar lokaci, amma ka yi kafin ka ɗora ko fayil ɗaya, kuma ka yi sharaɗi da mai shago cewa in ya faɗi za ka dawo da shi. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin, bar masa kayansa.

Sai masu tura "Pro kyauta" a zaurukan WhatsApp, wato manhajar kuɗi da aka fasa. Kada ka taɓa. Manhajar da wani ya buɗe ya sake ɗinkewa ba ka san abin da ya cusa ciki ba, kuma wayar da kake karatu da ita ita ce wadda saƙon banki ke shigowa. Duba ƙarshen sunan duk fayil da aka turo maka a matsayin littafi: in ka ga apk, manhaja ce, ba littafi ba ne. Manhajar karatu da ta nemi izinin ganin saƙonninka ko lambobin mutanenka, cire ta nan take. Haka masu cewa ka tura kuɗi su ba ka cikakken dokumen na littafin wata marubuciya. Wasu su toshe ka da zarar kuɗi ya shiga, wasu su turo rabi, waɗanda suka turo cikakke kuma guminta suka sata. Nemi lambar da ita marubuciyar ta sa a littafinta ka biya ta kai tsaye. Manhajojin share datti ma a yi hattara da su, suna iya lissafa manyan fayilolin WhatsApp cikin abin gogewa, kai kuma ka danna ba ka duba ba.

A wayar ƙanwata mun buɗe folda guda mai suna Littattafai, muka fitar da komai daga WhatsApp zuwa cikinta, muka gyara sunaye: marubuci, sannan littafi. Kwafi ɗaya ya tafi Google Drive, inda kowane asusu ke da 15GB kyauta, ɗaya kuma kwamfutata, inda nake ajiya da Calibre, manhajar kyauta da Kovid Goyal ya fara a 2006. Da ita na juya mata littattafan Word zuwa EPUB. Na PDF ban taɓa su ba, juya su yakan wargaza layuka. Duka littattafanta ba su kai 3GB ba, don haka kuɗin memorin ta sayi data da su.