Manhajar waya da na'urar famfon sola: inda tafiyar da aikinsu ta rabu

Injiniya, na karanta tambayarka. Ka ce shekara huɗu kana jagorantar masu rubuta manhajar waya, yanzu kuma an ɗora maka ƙera wata 'yar na'ura da za a riƙa ɗaurawa a jikin famfon sola na rijiyar burtsatse. Za ta auna ruwan da aka ja, ta aiko da bayani ta layin waya, ta tsayar da famfo idan ba a biya ba. Kana so ka san ko tsarin da ka saba, na fitar da sabon abu duk mako biyu, zai yi aiki a nan, da kuma ko wata shidan da ka faɗa wa masu zuba jari za su isa. Tsarin zai ɗauke maka kamar rabin aikin. Wata shida kuwa, ka janye maganar tun ba ta shiga takarda ba.

Bari in ajiye maka ayyukan biyu kusa da juna, in fara da inda suka fi nisa, wato ranar da aka gano kuskure.

A manhaja, idan aka yi ɓarna da safe, kafin la'asar yaranka sun gyara sun tura, mai waya ma bai san an yi ba. A na'ura, kuskuren yana can a ƙauyuka ɗari biyu, cikin akwati a kulle, wasu wuraren sai da babur ake shiga, da damina ma babur ɗin ba ya kai wa. Kowane gyara da ke buƙatar mutum ya je da kansa kuɗin mai ne, da kuɗin kwana, da yinin ma'aikaci guda. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2015 wasu masu binciken tsaro biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun nuna za su iya shiga motar Jeep Cherokee daga nesa ta intanet, suna taɓa birki da giya. Kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci miliyan 1.4, har ya riƙa aika wa masu motoci gyaran a cikin filas na USB ta gidan waya. Ka kwatanta da na'urar Pathfinder da hukumar NASA ta sauke a duniyar Mars a 1997. Ta yi ta sake kunna kanta saboda wani ƙaramin aiki ya riƙe abin da babban aiki yake jira. Injiniyoyi suka gano matsalar a kan tagwayenta da ke ɗakin gwaji, suka aika gyara daga ƙasa, ta ci gaba da aiki. Sun iya haka ne don an bar ƙofar gyara tun ranar zane.

Ita wannan ƙofa, a manhajar waya kyauta ka same ta, Google da Apple sun gina maka. A na'ura kai za ka gina ta, kuma tana cin wuri. Tsarin da aka saba a ESP32, wani cif (ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura) da ake yawan amfani da shi, shi ne a raba ma'ajiyar gida biyu: sabuwar manhaja ta sauka a ɗaya, tsohuwa na zaune a ɗayan, idan sabuwar ta ƙi tashi a koma wa tsohuwa. Ke nan kana buƙatar ma'ajiya ninki biyu na girman manhajarka, kuma wannan shawara ce da ake yankewa lokacin zaɓen cif, watanni kafin manhajar ta kammala. Idan mai zanen allon lantarki ya zaɓi ƙaramar ma'ajiya don ya rage 'yan kuɗi, babu taron mako biyun da zai ƙara mata girma daga baya.

Nan ne asalin bambancin yake. A manhaja kusan kowace shawara ana iya warware ta. A na'ura akwai shawarwarin da ke bushewa kamar siminti: cif, girman ma'ajiya, na'urar sadarwa, siffar akwati, inda wayoyin wuta ke shiga. Aikinka na shugaba shi ne ka san waɗanne ne siminti, ka tsaya a kansu da kanka, sauran ka bar wa yara su yi ta juyawa.

Sai lokaci. Mai manhaja yana rubutawa ya gwada cikin mintuna. Mai allon lantarki yana zanawa, ya aika wa masana'anta, galibi a Shenzhen, irin su JLCPCB ko PCBWay, a buga allon, a jera masa kayan, a ɗauko a jirgi, ya bi ta kwastam. Ko komai ya tafi daidai makonni ne. Allon farko kuma da wuya ya zo babu aibu: an juya ƙafar wani abu, ko wuta ta yi ƙasa a wani layi, ko eriya ta matsu da ƙarfe. Za a yi masa faci da siririyar waya don aiki ya ci gaba, sannan a sake bugawa. Masu harkar suna raba tafiyar zango uku: na farko a tabbatar zanen yana aiki, na biyu a tabbatar yana jure zafi da ƙura da faɗuwa a cikin akwatinsa na gaskiya, na uku a tabbatar masana'anta za ta iya fitar da ɗaruruwa iri ɗaya. Ka ba kowane zango mako shida zuwa takwas, wanda ma sassauci ne, ka ga wata shidanka sun kusa ƙarewa ba a taɓa gwajin fili ba. Ka kuma duba kalanda: sabuwar shekarar Sin tana faɗawa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu suna rufewa, kuma ba sa dawowa daidai nan take. Agogon zamani na Pebble ya tara sama da dala miliyan 10 a shafin tara kuɗi na Kickstarter a 2012, aka yi alkawarin kaya a Satumba, ba a fara aikawa ba sai Janairun 2013. Kuɗi ba su ne matsalarsu ba.

Akwatin ma kada ka raina shi. Samfurin da aka buga da firintar 3D yana fitowa a kwana ɗaya, amma mazubin ƙarfe da ake zuba robar akwati a ciki dubban daloli ne da makonni, kuma da an sassaƙa shi, ƙaramin sauyi ma sai an biya. Shawarata, ga ɗari biyu ko uku na farko, ka sayi akwatin da ake sayarwa a kasuwa mai hana ruwa da ƙura, ka zana allonka ya shige shi. Ba zai burge masu zuba jari a hoto ba, amma rana da ruwan sama ba su san ado ba.

Kayan haɗi wani babi ne da babu kamarsa a duniyar da ka fito. Ba ka taɓa jin an ce wani shiryayyen ɓangaren manhaja ya ƙare a kasuwa ba. Cif yana ƙarewa. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2022 duniya ta shiga ƙarancinsa, kamfanonin motoci suka tsayar da layukan haɗi, wasu nau'o'in cif ɗin STM32 sai an jira kusan shekara, 'yar kwamfutar Raspberry Pi ta zama abin nema da fitila. Allo mai kaya tamanin, guda ɗaya ya ɓace, sauran saba'in da tara sun zama ajiya. Don haka kafin a amince da zane, ka sa a zauna a bi jerin kayan ɗaya bayan ɗaya: wa ke sayarwa, nawa ne a ƙasa, idan babu shi me zai hau gurbinsa ba tare da an sake allo ba. Mu kuma muna da ƙarin nauyi. Kuɗin saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhaja a intanet, ana biyansa kaɗan kaɗan kowane wata, kayan na'ura kuwa dala ce a dunƙule tun kafin ka sayar da ko ɗaya. Wanda ya yi kasafi a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya zo biya a farkon 2024 ta haura 1,500, ya san abin da nake faɗa. Ka rubuta kasafin kaya da dala, ka kuma sayi cif da na'urar sadarwa da wuri ko da allon bai gama ba.

Yanzu mutane, wanda a ganina nan za ka fi shan wuya. A manhaja, mai gina abin da ake gani a waya da mai gina ɓangaren saba suna iya saɓani, amma harshensu ɗaya, kuma akwai rubutaccen tarihin abin da ya faru a saba. A na'ura kana da mai allo da mai manhajar ciki, wato wadda ke gudana a cikin cif, kowa da kayan aikinsa, kuma idan abu ya lalace kowa na nuna ɗan'uwansa. Na taɓa zama a tsakiyar irin wannan rigima kusan mako biyu. Na'ura tana aiki lafiya, da ta tashi aika saƙo sai ta mutu ta sake tashi. Mai allo ya rantse manhaja ce, mai manhaja ya ce shi bai taɓa komai ba. Ashe na'urar sadarwa ta SIM800L ce, wadda lokacin aikawa take fizgar wuta har amfiya biyu na ɗan ƙiftawar ido, wutar allo ta faɗi, cif ya ɗauka an kashe shi. Sai da aka sa osiloskof, na'urar da ke nuna hawa da saukar wuta, a layin wuta, su biyun suna tsaye suna kallo, sannan magana ta ƙare. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: allon ba shi da isasshen kafasita mai ajiye 'yar wuta don irin wannan fizga, manhajar kuma ba ta ajiye dalilin sake tashi, wanda da ta yi da an gane a rana ɗaya. Tun daga lokacin ba na yarda su zauna ɗaki daban, kuma ba na sa hannu a zane sai mai manhajar ciki ya duba shi ƙafa bayan ƙafa.

Tunda na ambaci SIM800L, 2G kaɗai take yi. Tana da araha, kuma a karkararmu 2G ce ta fi kai wa, amma ƙasashe da dama sun riga sun kashe tasu. Na'urar da kake so ta shekara bakwai a fili, ka yi tunanin wadda ke yin 4G tana kuma iya komawa 2G.

Gwaji ma ya sha bamban. Manhajar waya ana rufe ta ana buɗewa sau goma a rana, ƙananan kurakurai suna wankewa da kansu. Na'urarka za ta yi watanni a kunne babu mai taɓa ta, kuma akwai kurakuran da lokaci kaɗai ke fito da su. Ma'aunin lokaci na Arduino, allon da masu haɗa ƙananan na'urori ke yawan amfani da shi, yana cika ya koma sifili bayan kusan kwana 50. Idan an rubuta lissafin da ganganci, famfo zai iya tsayawa ranar, a dukkan ƙauyukan da aka kunna tare. Kada ka ce wannan kuskuren 'yan koyo ne: a 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin kula da janaretocin Boeing 787, idan suka kwana 248 a kunne ba a kashe ba, za su iya ɗauke wutar jirgin gaba ɗaya. Ka sa a tura agogon gaba da gangan a gwaji. Ka tambayi sau nawa ake rubutu a ma'ajiya, domin tana da iyaka: ta cif ɗin Arduino Uno sau 100,000 aka lamunce mata, wanda rubutu duk minti ɗaya a wuri guda zai cinye cikin kusan kwana 70. Ka sa a cire wuta a tsakiyar saukar sabuwar manhaja sau da yawa a ga ko za ta tashi.

Sai zafi. Kayan lantarki na gama-gari an yi su ne don digiri 0 zuwa 70, na masana'antu daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85. Akwati a rufe a rana tsaka cikin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda iskar waje kanta ke haura 40, cikinsa ya fi haka nesa. Ƙa'idar da aka sani ita ce kafasita mai ruwa tana rasa rabin rayuwarta da kowane ƙarin digiri 10. Ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba zai gaya maka wannan ba. Ka ɗora guda goma a kan rufin kwano su sha bazara, su sha ƙurar hunturu idan lokaci ya ba da dama.

Izini: manhaja galibi dokokin shagon Google ko na Apple take bi, na'ura mai layin waya kuwa tana buƙatar amincewar hukumar NCC, kayan da za ka shigo da su kuma akwai batun SONCAP, shaidar ingancin kaya ta hukumar SON. Ka fara bin takardun da wuri. Tsaro kuma, kowace na'ura da mabuɗinta, kada a yi kalmar sirri ɗaya ga duka. Muguwar manhajar Mirai ta 2016 da ɗan gajeren jerin kalmomin sirrin masana'anta ta mamaye kyamarori da na'urorin intanet masu ɗimbin yawa. Taka na'urar kuɗi take karɓa, za a sami mai ƙoƙarin buɗe ta, ko da wayar wuta ce zai sa ya tsallake ta.

Abin da ka zo da shi daga manhaja bai faɗi ba. Saba, shafin biyan kuɗi, manhajar wakilai, duk ka ci gaba da mako biyunka. Manhajar ciki ma tana iya bin wannan zagaye, muddin ka saya wa yara allunan gwaji na ESP32 ko STM32 tun makon farko, su fara aiki ba sai sun jira allonku ba. Al'adar ajiye tarihin kowane sauyi da duba rubutun juna, wadda masu allo da yawa ba su saba da ita ba, ka shigo musu da ita. Jadawalin allo ne kawai ba ya lanƙwasuwa, don haka shi za ka fara zanawa, sannan ka jera zagayen manhaja a jikinsa.

Ga masu zuba jari, da ni ne, zan ce musu: a wata shida za ku ga na'ura ashirin suna aiki a rijiyoyi na gaske, an haɗa su da kayan da aka saya a shirye, muna koyo daga gare su. Na sayarwa da yawa kuma sai an kai shekara ko fiye, bayan sun ga bazara guda. Ka turo mini sunan cif ɗin da mai allonku ya zaɓa, da girman ma'ajiyarsa, da na'urar sadarwar, mu duba su kafin ya aika zanen.